Idan Likita Ya Ce Mai Ciki Ta Kwanta: Yadda Gida Zai Tsara Kansa

Ranar da likita ya ce mai ciki ta koma gida ta kwanta, ita kaɗai aka sallama, aikinta kuwa yana nan. Tukunya na jiran mai ɗora ta, yara na jiran mai shirya su makaranta, ga wanki, ga ɗiban ruwa, ga 'yar sana'ar da take rufa wa gida asiri da ita. Shi ya sa umarnin da aka bai wa mutum ɗaya yake taɓa kowa a gidan, wani lokaci na sati biyu, wani lokaci har wata uku. Wannan jagora ta mai cikin ce da maigidanta da duk wanda zai tsaya a kansu, kuma mun yi la'akari da yanayin Jos: sanyinta, wahalar ruwa a unguwanni da dama, da nisan wasu gidaje daga manyan asibitoci.

Mataki na farko: kada ku tashi daga gaban likita sai kun san iyakar hutun

Dalilan da suka fi sa a ce mace ta rage aiki ko ta kwanta sanannu ne: hawan jinin masu ciki, mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, zubar jini, bakin mahaifa ya gajarce ko an ɗinke shi, faya ta fashe kafin lokaci, alamun naƙuda tun ciki bai isa ba, cikin tagwaye, ko ɗan da ba ya girma yadda ya kamata. Kowanne da abin da ake tsoro a cikinsa, don haka kowanne da irin takatsantsan ɗinsa.

Akwai abin da iyalai da yawa ba su sani ba. Bincike bai nuna cewa kwanciya dare da rana tana hana haihuwar bakwaini ko tana warkar da hawan jini ba. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar tsananin kwanciya ga mai ciki mai hawan jini, haka ma ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ba ta goyon bayan a riƙa ba da wannan umarni ga kowa da kowa. Dalili shi ne kwanciyar tana da nata lahani: jini kan daskare a jijiyar ƙafa, tsoka ta saki, ƙashi ya yi rauni, zuciya ta ƙuntata. Wannan ba izini ba ne na watsi da maganar likitanku, shi ya ga hoton cikin, shi ya san abin da ya gani. Amma hujja ce ta ku yi tambaya dalla-dalla, domin sau da yawa nufinsa a daina aikin wahala ne, sai 'yan gida su ɗauka ko banɗaki ba za ta taka ba.

Ku tambaye shi sunan matsalar, ya rubuta a katin awo. Sannan ku bi rayuwar yini ɗaya da shi: za ta iya zuwa banɗaki da ƙafarta? Wanka a tsaye ko a zaune? Za ta iya zama ta yanka albasa, ko ta zaga tsakar gida na minti 10? Hawa bene fa? Shiga keke a kan hanya mai gargada? Ɗaukar yaro? Saduwa da miji? Idan tana shayarwa, ta ci gaba ko a yaye? Ku tambayi ranar dawowa, da alamomin da za su sa ku dawo kafin ranar, da ƙofar da za ku nufa idan dare ne. Tambaya ta ƙarshe: yaushe za a sake duba wannan umarni? Misali, mabiyiyar da aka gani a ƙasa a hoton sati 20, kusan 9 cikin 10 tana matsawa sama kafin hoton sati 32. Ba daidai ba ne mace ta yi ta kwanciya a kan hukuncin da lokaci ya riga ya canza.

Maigida ya shiga wannan zama da kansa. Abin da ya ji da kunnensa ya fi saurin yarda da shi, kuma shi zai kai maganar gaban iyaye.

Mataki na biyu: ɗakin da jikin

A zaɓi ɗakin da ya fi kusa da banɗaki, a ƙasa idan gidan bene ne. Katifar da ke shimfiɗe a ƙasa tana wahalar tashi ga mai tsohon ciki, gado ya fi. A ajiye ruwa, magunguna, waya da cajarta, tocila, katin asibiti da littafin rubutu inda hannunta zai kai. Idan masai ɗin gidan na tsuguno ne, a samo kujera mai rami ko fo mai tsayi, domin dogon tsuguno da yunƙuri ba su dace da mai zubar jini ko mai ɗinki a bakin mahaifa ba. Wanka a kan kujera, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ƙwarai ba, wani ya kai mata bokitin, kuma kada ta sa sakata.

Kwanciyar a gefe ake yin ta, musamman daga sati 28. Idan ta yi rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri ya kama ta, jinin da ke isa ga ɗan ya ragu. An fi ambaton gefen hagu, amma dama ma ba laifi, ta riƙa juyawa kamar duk awa 2. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a bayanta, ƙarami a ƙarƙashin ciki. In za ta tashi, ta fara zama a bakin gado na minti ɗaya kafin ta miƙe.

Babban haɗarin kwanciya shi ne daskarewar jini. Ciki shi kaɗai yana ninka wannan haɗari sau 4 zuwa 5, rashin motsi kuma ya ƙara a kai. Rigakafinsa na gida mai sauƙi ne: duk awa ɗaya da take farke, ta lanƙwasa tafin ƙafa sama da ƙasa sau 10 zuwa 20, ta juya idon sawu, ta naɗe gwiwa ta miƙe. Idan likita ya yarda da 'yar tafiya a cikin gida, kada tsoro ya hana ta. Ta sha ruwa wajen lita 2 zuwa 2 da rabi a yini, wato ledar fiya wata 4 ko 5, sai dai in an taƙaita mata. Mata da yawa suna rage shan ruwa don gudun yawan fita fitsari, a lokacin sanyi musamman, kuma wannan ne ke jawo ciwon mafitsara, wanda shi kansa yana iya tayar da naƙuda. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da ɗaya, sharaɓa tana ciwo ko ta yi zafi, kada a yi mata tausa. Tausar tana iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu. Asibiti za a nufa a ranar.

Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana da nasa tarko. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, kuma ɗan da ke ciki ya fi uwar saurin cutuwa da ita. Haka janareto a baranda kusa da taga. Bargo, safa da rigar sanyi sun wadatar. Gidan sauro kuma kullum, ko da ana ganin sanyi ya kori sauro.

Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi cika ciki sau biyu, domin mai kwanciya ƙwannafi da taurin bayan gida suna damunta. Jos ba ta rasa abin da ake so: gwate mai ganye, acca, wake, alayyafo, zogale, kabeji, karas, gwanda, lemo, ƙwai da kifi. Ƙwayar ƙarin jini kullum, amma ba tare da shayi ba, shayi yana hana jiki tsotse sinadarin, a ba da tazarar awa 2, haka tsakaninta da ƙwayar kalsiyam. Ba a shan jiƙo, sassaƙe ko haɗin kemis. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya cutar da ƙodar ɗan da zuciyarsa a rabin ciki na biyu. Wadda aka rubuta wa maganin hawan jini ko ƙaramin asfirin ba ta dainawa don ta ji sauƙi.

Mataki na uku: wa zai ɗauki me

A nan yawancin gidaje ke faɗuwa. Satin farko kowa na kawo ɗauki, 'yan uwa na shige da fice da kwanuka. Zuwa sati na uku ƙafa ta ɗauke, sai a tarar da mai cikin a bakin murhu, tana cewa ai ɗan wannan ba komai. Ba taurin kai ba ne. Mace ba za ta kwanta tana jin ɗanta na kukan yunwa ba.

Don haka a zauna a daren farko a rubuta duk aikin da take yi daga asuba zuwa kwanciya, har da waɗanda ba a lura da su: dafa ruwan wanka, wanke kayan makaranta, kwashe shanya, rakiyar Islamiyya. Kowane aiki a sa masa sunan mutum da lokaci. "Za mu riƙa taimakawa" ba tsari ba ne. "Ƙanwarta za ta yi girkin rana Litinin zuwa Alhamis, maigida zai kai yara makaranta, maƙwabciya za ta ɗauko su" shi ne tsari. Wanda ya ce a faɗa masa in ana buƙatar wani abu, a ba shi aiki takamaimai nan take: cefanen Farin Gada ranar Asabar, ko wanki sau ɗaya a sati. Matan Islamiyya da zumuntar mata a coci sun saba da irin wannan karɓa-karɓa, sai dai sai an faɗa musu, kuma kunyar faɗar ce ke cutar da mutane.

Ruwa shi ne aikin farko da za a cire daga hannunta. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, jan guga a rijiya kuma yana matse mara. A sa kuɗin mai ruwa cikin lissafin wata, a ce ya juye a randa ko duro da kansa. Daka, jajjage a turmi, sharar tsakar gida a duƙe da wankin bargo duk su bi bayan ruwa.

Sai maganar iyaye. Uwar miji da ta haifi takwas tana daka har ranar naƙuda za ta iya ganin wannan kwanciya son jiki ne, kuma a al'ada ana cewa aiki yana sauƙaƙa haihuwa. Ga mai lafiyayyen ciki, motsa jiki alheri ne, a nan tana da gaskiya. Amma wannan cikin daban ne, kuma ba matar ce za ta kare kanta ba, aikin ɗanta ne. Ya same ta cikin ladabi, ba a gaban matar ba: "Mama, likita ya nuna mini hoton. Mabiyiya ce ta tare hanya, in ta yi aikin ƙarfi jini zai iya ɓallewa. Ina so ku tayani da addu'a, kuma ku sa ido kada ta taɓa aiki." Uwar da aka ba wa amanar tsaro takan fi kowa tsanantawa. In da hali a tafi da ita awo sau ɗaya ta ji daga bakin nas.

A gidan da ke da abokiyar zama, a yi maganar girki a fili tun farko. Idan ita za ta karɓi dukkan girkin, nauyi ne aka ƙara mata, a gode mata, a ƙara kuɗin cefane, a samo mai taya ta. Maganar rabon kwana ma a daidaita ta da yardar kowa. Abin da aka bari a duhu shi ke zama gori daga baya.

Tafiya goyon ciki gidan iyaye tana da amfani, can ne za ta sami hutun gaske. Sharaɗi ɗaya ne: gidan ya kasance kusa da asibitin da ke iya tiyata da ƙarin jini dare da rana. Idan iyayen suna Rikkos ko Anguwan Rogo, ba matsala. Idan suna ƙauyen da sai an yi awa biyu a mota, uwar ce ya kamata ta taho Jos. Doguwar tafiya kuma sai da izinin likita.

Yara ƙanana ba sa gane dalilin da ya sa Umma ta daina ɗaukarsu. Wani ya koma fitsarin kwance, wani ya yi ta rigima. A gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: Umma na hutawa ne don ƙaninku ya yi ƙwari, ba ku kuka jawo ba. Ɗan shekara biyu ya hau gado da kansa ya kwanta a gefenta, ba sai ta ɗaga shi ba. Aikin gida na makaranta, tilawa, tatsuniya da tsifar kai duk ana yinsu a bakin gado. Abin da muke ja wa kunne a kai shi ne cire babbar 'ya daga makaranta ta zama uwar gida. Yarinya 'yar shekara 12 za ta iya wanke-wanke da yamma, amma zangon karatu guda da ta rasa ba ya dawowa cikin sauƙi, kuma bai kamata a bar ta ita kaɗai da mai cikin da jini zai iya ɓalle wa ba. A kowane lokaci a sami babba a gidan ko a maƙwabta wanda ya san halin da ake ciki.

Mataki na huɗu: abin da ake aunawa a gida

Kwanciya ba ta ceton rai, lura da saurin kai wa asibiti ne ke yi. Mai hawan jini ta mallaki na'urar awo ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, kuma a kai ta asibiti a gwada da tasu. Ta zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan filo daidai ƙirji, ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, a rubuta da kwanan wata. Ɗamarar da ta yi wa dantse kaɗan tana ba da lamba sama da gaskiya. Daga 140/90 hawan jini ne, a sanar da asibiti a ranar, sai dai in likita ya ba ku wata iyaka. Idan lambar sama ta kai 160 ko ta ƙasa ta kai 110, a tafi nan take ko da tana cewa lafiyarta ƙalau.

Daga sati 28 ta san yadda ɗanta ya saba motsi. In ta ji ya yi shiru, ta kwanta a gefen hagu ta ƙirga. Motsi bai kai 10 cikin awa 2 ba, ko ya ragu sosai a kan yadda ta saba, ba a jira gari ya waye.

Sauran alamomin da ba a shawara a kansu: jini ko kaɗan ne, ruwa na tsiyaya, ciwon kai mai tsanani da bai jin farasitamol, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, zazzaɓi, ciki ya ƙulle ya yi tauri da ciwo, mara na murɗawa duk minti 10 kafin sati 37, haki ko ciwon ƙirji. Jinin mabiyiyar da ta sauko yakan zo ja wur ba tare da ciwo ba, kuma rashin ciwon ne ke yaudarar mutane. Irin wannan mace ba a yarda kowa ya sa mata hannu don duba bakin mahaifa a gida ko a kemis, yatsa ɗaya na iya ɓalle jinin da ba a iya tsayarwa. A sa audugar mata, a tafi da waɗanda suka jiƙe don ma'aikata su ga yawan abin da ya zuba. Mai ɗinki a bakin mahaifa, wanda aka saba cirewa a sati 36 zuwa 37, in naƙuda ta taso kafin nan ta yi sauri, kada ɗinkin ya yaga ta.

Idan jijjiga ta kama ta, a kwantar da ita a gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, rubutu ko manja, ba a yin turare. Addu'a a cikin mota ake yin ta. Allurar da ke tsayar da jijjiga tana asibiti.

Mataki na biyar: mota, jini, kuɗi, da izini

Masana lafiyar mata suna maganar jinkiri uku da ke kashe masu ciki: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun gida suke.

Maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da matarsa da maƙwabta cewa in abu ya taso ba ya nan, a tafi, ba sai an same shi a waya ba. Ya bar kuɗin mota da na karɓar gaggawa a hannun matar. A yi maganar tiyata tun yanzu, a san wanda zai sa hannu in ba ya kusa. Mabiyiyar da ta rufe bakin mahaifa gaba ɗaya ba ta da wata hanyar haihuwa sai tiyata, kuma gardama a kan wannan a ƙofar ɗakin aiki ɓata lokaci ne.

A sami lambar masu mota biyu a unguwa da suka yarda a tashe su da tsakar dare, domin keke ba abin dogaro ba ne a wannan lokaci. Mai mota kada ya kwana da tanki a bushe. A Jos akan sa dokar hana fita idan an sami tashin hankali, don haka katin awo da takardar likita su kasance a jaka don nunawa a shingen jami'an tsaro. Ku san hanyarku zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko asibitin Jankwano, ko duk inda take awo, kuma ku riƙe asibiti na biyu saboda yajin aiki ko rashin gado. Idan ana tsoron haihuwar bakwaini, a tambaya ko asibitin na da ɗakin jarirai mai kwalba. Kai uwa da ɗanta a ciki ya fi sauƙi a kan yawo da jariri ɗan wata bakwai cikin sanyi. Isa da wuri kuma yana ba da damar yin allurar da ke ƙarfafa huhun ɗan, wadda ake yi tsakanin sati 24 da 34.

A san rukunin jininta, a tanadi mutum biyu ko uku masu lafiya da za su bayar, a tambayi asibiti ko za su iya bayarwa tun kafin ranar. Idan jininta nagetif ne, a tuna wa ma'aikata duk lokacin da ta zubar da jini, akwai allurar da ake yi.

Kuɗi kuwa ta fuska biyu yake ciwo: kashewa ta ƙaru, shigowa ta ragu. Awo ya koma duk sati ko sati biyu, ga hoto, gwajin fitsari da jini, magani, mota, ruwan saye, ga cinikin awara ko ɗinki ko kitso ya tsaya. A nemi uwar adashi ta matso da kwasarku. Kuɗin da aka ware na ragon suna, atamfa da kayan ɗaki a mayar da shi asusun asibiti, hidimar suna tana iya ƙanƙancewa. Mai inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jihar Filato (PLASCHEMA) ya je ofishinsu ya ji abin da suka ɗauka da wanda ba su ɗauka ba, da yadda ake samun takardar turawa babban asibiti. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, sai a tambayi sashen walwalar marasa lafiya ko asibitin na cikin shirin.

Ma'aikaciya ta karɓi takardar likita mai kwanan wata, ta miƙa a rubuce, ta riƙe kwafi. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba da hutun haihuwa na sati 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki, kuma ya hana korar mace saboda rashin zuwa aiki da likita ya tabbatar ciki ne ya jawo. Dokar ba ta haɗa da dukkan rukunin ma'aikata ba, manyan ma'aikatan ofis su duba takardar ɗaukarsu aiki. A tambaya ko za a lissafa kwanciyar a hutun rashin lafiya, don kada ta cinye hutun jego. Hutun kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza a 2021 na bayan haihuwa ne, maigida ya duba hutunsa na shekara.

Zuciya, ibada da masu dubiya

Mace mai kazar-kazar da aka kwantar takan ji ta zama kaya. Ga tsoron rasa ɗan, ga zargin kai, musamman in ta taɓa ɓari. A faɗa mata a fili cewa ba aikin da ta yi ba ne ya saukar da mabiyiya ko ya kawo hawan jini. A bar mata ragamar gidanta: ita ke faɗin abin da za a dafa, ita ke riƙe lissafin cefane. Yini ya kasance da tsari, ta yi wanka ta canza kaya, a buɗe labule rana ta shigo. Idan kuka, rashin barci, ƙin abinci ko yanke ƙauna suka wuce sati 2, a gaya wa likita kamar yadda za a gaya masa ciwon kai. In ta ambaci cutar da kanta, a ranar za a kai ta.

Salla ba ta faɗuwa, amma an sauƙaƙa ta. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Azumi ma akwai rangwame ga mai cikin da ke tsoron cutuwa, kuma mai shan magani a kan lokaci ta ji ta bakin likita da malami kafin ta ɗauka.

Dubiya alheri ce, sai dai tana gajiyarwa. A sa mata lokaci, kamar bayan la'asar, wani ya karɓi baƙi don kada kunya ta sa ta tashi kawo ruwa. Mai mura ya gaishe ta daga ƙofa. Mai labarin wance da ta rasu wajen haihuwa a canza masa zance.

Idan likita ya hana saduwa, hanin na gaske ne, domin tana iya tayar da jini ko naƙuda, ko shigar da cuta bayan faya ta fashe. Maigida kada ya sa ta zaɓi tsakanin lafiyarta da ɓacin ransa. Shi ma yana ɗauke da kaya: kasuwa ko ofis, asibiti, yara, bashi. Ya sami ɗan uwa ko aboki da zai riƙa karɓarsa, musamman in an ba ta gado a asibiti, inda ake buƙatar mai jinya da kai abinci kullum.

Bayan an sauka

Kada a sallami masu taimako ranar suna. Wadda ta yi makonni a kwance ƙafafunta ba su da ƙarfi, za ta yi saurin haki da ciwon baya, kuma dawowar ƙarfin kan ɗauki makonni, balle in tiyata aka yi. Ta fara takawa da wuri, kaɗan-kaɗan, domin haɗarin daskarewar jini ya fi yawa a sati 6 na farkon jego. Hawan jini da jijjiga ma suna iya tasowa bayan haihuwa, don haka a ci gaba da awo a gida, a koma asibiti ranar da aka sa. Mai hawan jini ta nisanci kunun kanwa, gishirin da ke cikinsa yana tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya, kuma a sassauta zafin ruwan wankan jego. Kafin a bar asibiti a karɓi takardar da ta bayyana abin da ya faru a wannan cikin, a tattauna tazarar haihuwa, a ajiye takardar tare da littafin awon jini. Ciki na gaba, da su za a fara awo tun watanni ukun farko.